Motar Marayu

Jahun,
12 ga Yuni, 2000.

Zuwa ga Baffa Malam Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka na makarantar koyon sana'a a can Bida. Mu nan lafiya lau, sai haƙuri. Wasiƙarka ta ta'aziyyar Baba ta zo ta hannun Gwaggo Fatsuma ta Takur, na karanta wa Inna, ta yi kuka ta kuma sa maka albarka.

Baffa, sau ɗaya na taɓa ganinka, ina ƙarami, amma Baba ya sha faɗa mana cewa ubanka da kakanmu ciki ɗaya suka fito, kuma duk danginmu babu wanda ya san mota kamarka. Shi ya sa na rubuto.

Maganar fijon Baba ce, wadda yake jigila da ita tsakanin Jahun da Dutse. Baba ya rasu ya bar Inna da juna biyu. Baffa Modibbo, yayan Baba, shi ne waliyyinmu, kuma ya ce ba za a raba gado ba sai an haihu an ga namiji ne ko mace. Kafin nan ba mai taɓa komai. Ya karɓi makulli ya sa a akwatin littattafansa. Na roƙe shi ko tayar da ita in riƙa yi, ya ce, “Man da ke cikin tankin nan ma na marayu ne, har da wanda bai zo duniya ba. Da izinin wa za ka ƙona shi?”

An turo ta gefen rumbu, an ja birkin hannu, an lulluɓe ta da tamfol an danne da duwatsu. Da rufin rumbu ya fara yoyo, sai aka kwashe ragowar gero da buhun gyaɗa aka zuba a bayanta, tunda ita ba ta yoyo.

Ni abin da na iya ke nan, tuƙi, Baba ya koya mini. Idan motar ta zo hannuna zan zauna in riƙe Inna da ƙannena Zuwaira da Khadijatu. Idan ta mutu, abokina Ɗanladi yana ta kirana mu tafi Ikko acaɓa, kuma ban ga wata hanya ba. Shin za ta kai lokacin a haka?

Ɗanka,
Sagiru Mailafiya.

*

Bida,
27 ga Yuni, 2000.

Ɗana Sagiru,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, in ban da ciwon gwiwa da damina ke tayar mini. Ka gaishe da Innarka, Allah ya sauke ta lafiya.

Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, rubutunka a tsare yake. Na san motar nan tun kana rarrafe. Ni na raka Yaya Mailafiya Kano ya saye ta a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa, a lokacin ma ta ga duniya. Mitarta ta zagaya ta dawo sifili, ta sake zagayawa, daga baya ta gaji ta tsaya, motar kuwa ba ta tsaya ba. Dalili shi ne ubanka bai taɓa kwana bai duba mai da ruwa ba.

Amsar tambayarka: a'a, ba za ta kai ba. Mutanenmu manoma ne, abin da suke so ya daɗe sai su rufe shi su hana shi iska, kamar hatsi. Hatsi yana son haka. Tsohuwar mota ba ta so. In ta tsaya batir ya mutu, tayoyi su tsage a inda suka zauna, fetur ya zama danƙo a kafireto, birkin hannu ya manne. Tamfol kuma yana tara gumi a ƙarƙashinsa, ƙarfe ya yi tsatsa. Geron nan da gyaɗa su suka fi tayar mini da hankali. Kun shirya wa ɓeraye ɗaki da abinci, kuma ɓera in ya ƙoshi waya yake gwaguya.

Amma kada ka je wa Yaya Modibbo da faɗa. Tsoron Allah ne ya sa shi yin haka, kuma yanzu da ko'ina maganar shari'a ake yi, ba ya so a ce a gidan malamai aka ci dukiyar maraya. Ka same shi bayan ya tashi karatun safe, ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi kamar mai neman fatawa: in maraya ya gaji saniya, ɗaure ta ake yi a hana ta ciyawa har a raba, ko kuwa kiwonta ake yi? Ka bar shi ya ba da amsa da bakinsa. Ka ce man da za a ƙona kai za ka sayo da guminka. Ga wata 'yar takarda na haɗo ka ba shi.

In ya yarda, ga aikin farko. Ku fitar da hatsi. Ka yaye tamfol, ka yi mata rumfar zana mai shan iska. Ka cire batir ka ɗora a kan katako a ɗaki. Ka sa duwatsu a tayoyi ka saki birkin hannu. Kada ka murza makulli tukuna, ko da hannunka yana ƙaiƙayi. Ka buɗe ko'ina ka duba ka rubuto mini abin da ka gani.

Baffanka,
Abdulrauf.

*

Jahun,
16 ga Yuli, 2000.

Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, shuka ta yi kyau, muna kan noman farko. Inna ƙafafunta na kumbura amma a asibiti sun ce ba komai.

Na yi yadda ka ce. Baffa Modibbo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Wannan tambayar ba taka ba ce, ƙamshin Abdulrauf take yi.” Ya karanta takardarka. Can ya ce, “Saniya tana jin yunwa, ƙarfe kuwa ba ya ji.” Na ce ya zo mu buɗe ya gani, in ba abin da ya same ta zan mayar da tamfol da hannuna.

Baffa, da muka buɗe ƙofar baya, wari ne ya fara tarbarmu. Ɓeraye suka yi ta dirowa ta tsakanin ƙafafunmu, har Zuwaira ta hau turmi. Sun fasa buhun gyaɗa, sun cinye soson kujerar tsakiya, sun yi sheƙa a cikin tukunyar iska ta saman kafireto, da jarirai a ciki. Wayoyin ƙarƙashin sitiyari kamar an yanka taliya. Zanzaro kuma ya gina ɗaki a bakin salansa, wato bututun hayaƙi, ya toshe shi. Baffa Modibbo ya tsaya yana salati. Ya shiga gida ya fito da makulli ya miƙo mini, ya ce, “Ka yi kiwonta. Amma sharaɗi biyu: ba ta fita ƙofar gidan nan, kuma ba ta ɗaukar kowa, ko kaza.”

Birki ya manne kamar yadda ka faɗa, taya ɗaya ta baya ba ta juyawa. Batir na kai Dutse, mai caji ya ce akwai sauran rai. Ɗanladi yana zuwa ya zauna a kan buhu yana kirana injiniyan ɓeraye. Ya ce mutanen Ikko da wannan lokacin da nake ɓatawa har sun sayi babur.

Wayoyin ne suka tsorata ni. Duk kusan kala ɗaya ne. Ta yaya zan san wacce ke zuwa ina? Bakaniken tasha ya ce sai dai a sake wayarin gaba ɗaya, ni kuma kuɗin ƙwadagon noma kawai nake samu.

Ɗanka,
Sagiru.

*

Bida,
2 ga Agusta, 2000.

Ɗana Sagiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariyar Zuwaira a kan turmi har ɗalibai suka leƙo ofis. Ka ce da Ɗanladi na karɓi sunan, ni ma injiniyan ɓeraye ne, na girme ka a aikin.

Kada wayoyi su ba ka tsoro. Ka goge bakin kowace waya da tsumma ka duba da kyau a rana, za ka ga 'yar lamba an buga a jiki. Mai lamba ɗaya da 'yar'uwarta ake haɗawa. Inda ɓera ya cinye lambar, ka ɗauki ƙwan fitilar mota ka ɗaura masa waya biyu, ka bi layin da shi daga batir; inda ya kama, hanya ta biyu. Waya ɗaya a lokaci ɗaya. Ka murɗa sosai ka naɗe da tef, kada ka yi amfani da ledar burodi kamar yadda ake yi a tasha. In ka ji ranka ya ɓaci, ka ajiye ka tafi gona.

Birki: ka ɗaga ta da jak, ka cire taya, ka ɗora guntun katako a kan gangar birkin ka riƙa bugawa a hankali kana zagayawa. Za ta saki da ƙara, kada ka firgita.

Tsohon fetur ka tsiyaye shi a galan ka kai wa Yaya Modibbo ya ajiye wa marayu, ransa zai kwanta. Ka wanke kafireto da sabo. Ka cire fulogi huɗun, ka zuba cokali guda na baƙin mai a kowane rami, ka bari ya kwana, sannan ka sa babbar giya ku riƙa rausaya motar gaba da baya har ka ji inji ya juya. Ka juye tsohon baƙin mai. Lagireto kuma, mai sanyaya inji, ruwan sama za ka tara a roba mai tsabta, ruwan rijiyarku kanwa gare shi, shi ke toshe ta.

Bayan duk wannan, ka yi bismillah ka murza. Ka rubuto mini irin kukan da ta yi.

Baffanka,
Abdulrauf.

*

Jahun,
3 ga Satumba, 2000.

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gero ya fitar da kai. Ka yafe mini jinkiri, wayoyin sun ci mini wata guda.

Ta tashi! Ranar Alhamis da hantsi. Ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi da ragowar ƙasar zanzaro, sannan ta kama. Kukanta na nan yadda yake, da ɗan ƙas-ƙas ɗin nan da muke ganewa tun daga kan kwana in Baba ya dawo. Inna ta fito daga ɗaki da muciya a hannu. Ka san ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai wannan, kashe ta haka nan.” Ta koma ciki, ba ta ci abincin rana ba. Baffa Modibbo yana Ringim ta'aziyya ranar, da ya dawo na gaya masa, ya ce madalla.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ɗanladi ya ja ni gefe ya ce, “Kai wawa ne na gaske. Ka san abin da ka yi? Ranar rabo dillalai za a kira su yi wa motar kuɗi. Matacciya, kuɗinta kaɗan ne, za ta shiga cikin rabonka ba wanda zai yi jayayya. Mai rai kuwa ta fi ƙarfin rabonka, dole a sayar a raba. Ka yi wata biyu a ƙarƙashinta kana gyara wa wani Alhaji.” Na tambayi liman a fakaice, ya ce haka ne, abin da ba ya rabuwa, in ya fi rabon mutum ɗaya kuma bai iya cika wa sauran, sayarwa ake yi.

Ɗanladi ya ce tsohuwar mota ta tashi yau ta ƙi gobe ba abin mamaki ba ne, in bar ta ta ƙi tashi ranar. Ya ce ai ba ci zan yi ni kaɗai ba, da ita zan ciyar da su. Baffa, ni ma da na auna sai na ga kamar gaskiya ce. Ba don ni ba ai da ɓeraye sun gama da ita. In aka sayar, Zuwaira da Khadijatu za su sami kuɗi a ajiye, amma wa zai zauna da su?

Ka gaya mini abin da zan yi. Abin da ka ce shi zan bi.

Ɗanka,
Sagiru.

*

Bida,
5 ga Satumba, 2000.

Ɗana Sagiru,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na ji ka shiru tun watan jiya, na ce bari in rubuto kada ka ga kamar na manta da kai. Ina zaton wayoyi ne suka riƙe ka, kuma na tabbata zuwa yanzu ko ta tashi ko tana gab da tashi.

Wani abu na tuna. Motar a waje take, zana ce kawai tsakaninta da hanya, kuma makullin tsohuwar fijo kowane makulli yana buɗe shi. Ga dabarar da ubanka yake yi in ya kwana a baƙon gari. Ka bi manyan wayoyin fulogi zuwa inda suka haɗu, za ka ga murfi mai maƙalai biyu. Ka buɗe, a ciki akwai ɗan abu kamar babban yatsa, rota ake ce masa. Ka zare shi ka mayar da murfin, ka sa shi a aljihunka. Ko wa ya zo da makulli, inji zai yi ta juyawa amma ba za ta tashi ba, ko an tura ta, kuma da wuya a gane dalili. Ba sai ka gaya wa kowa ba. Ranar da kake so ta tashi ka mayar.

Ka gaishe da Innarka, na san lokaci ya matso.

Baffanka,
Abdulrauf.

*

Jahun,
21 ga Satumba, 2000.

Baffa,

Albishirinka. Inna ta sauka lafiya ranar Litinin, namiji. Sunan Baba za a mayar. Baffa Modibbo ya ce bayan suna da kwana kaɗan, ranar Asabar ta ƙarshen wata, za a zauna rabo, ya riga ya aika wa dillalai biyu na tasha.

Amsarka ta zo, mijin Gwaggo Fatsuma ya kawo ta da ya zo barka. Na gane, Baffa. Na ga yadda ka bi ka faɗa mini ba tare da ka ambaci maganar ba, ko da wani ya buɗe takardar. Na gwada, haka ne, ba ta ko yin tari. Rota yana aljihuna, ban gaya wa kowa ba sai Ɗanladi, shi ma ya ce ashe baffan naka ɗan gari ne. Da zuciyata tana rawa, amma tunda kai ka ce, na daina tunani.

Ɗanka,
Sagiru.

*

Bida,
28 ga Satumba, 2000.

Sagiru,

Barka da arziki, Allah ya raya mana shi. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, sauri nake.

Wasiƙunka biyu yau suka iso tare, ta farkon wata da ta baya. Ta farkon ta kwanta a wani wuri a hanya. Wadda na rubuto maka a kan rota ba amsa ba ce, ɗana, lokacin ban ma san ta tashi ba. Ɓarawon waje nake nufi. Ka duba kwanan watan da ke samanta.

Ga amsata yanzu, a fili, kowa ya buɗe ya karanta. Ka mayar da rota. Wahalar da ka sha gaskiya ce, kana da ikon ka faɗa a gaban jama'a a duba maka ladan aikinka, kuma zan rubuta wa Yaya Modibbo in goyi bayanka. Amma motar da ta tashi ta ku duka ce, har da jaririn da bai buɗe ido sosai ba. Na yarda da niyyarka, na san za ka ciyar da su. Sai dai ka yi tunanin shekarun da ke gaba. Khadijatu za ta girma ta riƙa yi maka godiya a kan abin da yake nata ne tun asali, kai kuma kana amsawa. Ban koya maka bin waya ɗaya bayan ɗaya don ka zauna a cikin wannan ba.

Na san abin da nake cewa zai iya raba ka da motar, ya kuma kai ka Ikko. Ba ni da wata dabara da zan ba ka a madadinta, ba zan yi maka ƙarya ba. Na nemi izinin tahowa, shugaban makaranta ya hana, jarrabawar aikin hannu muke. Zan ba direban Kano wannan takarda gobe da asuba, ya ba na Jahun. Allah ya sa ta riga Asabar.

Baffanka,
Abdulrauf.

*

Jahun,
8 ga Oktoba, 2000.

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mai jego da jariri suna lafiya, an fara yankan gero.

Takardarka ba ta riga Asabar ba, ranar Talata ta zo. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

An zauna a ƙofar gida bayan azahar: Baffa Modibbo, liman, dillalai biyu, da wani Alhaji Albarka na Ringim mai motocin haya, wanda ya ji labari ya zo gani. An gama maganar gona da awaki aka zo kan mota. Babban dillalin ya shiga ya murza, ta yi ta juyi ba ta kama ba. Aka tara samari suka tura ta har bakin masallaci suka dawo da ita, shiru. Ya fito yana karkaɗe riga ya ce, “Modibbo, wannan sai 'yan gwangwan. Tashin da aka ce ta yi na ban kwana ne.” Alhaji Albarka ya fara neman takalmansa. Ɗanladi yana jingine da bango yana kanne mini ido. Liman ya ce to a sa ta a rabon Sagiru, shi ya sha wahalarta. Komai ya tafi daidai.

Sai Baffa Modibbo ya ce a dakata. Ya cire tabarau ya ce, “Jama'a ku shaida. Mailafiya ya bar motar nan da ranta. Ni na rufe ta, ni na sa aka zuba mata hatsi, yaron nan ya roƙe ni na ƙi. Ni na kashe wa marayu dukiya. Ku faɗi kuɗinta da tana tashi, zan sayar da shanun huɗata in cika musu abin da ya ragu.” Liman ya ce ai bai yi da gangan ba, babu ramuwa a kansa. Ya ce, “Wannan hukuncinka ne, ni zan kwanta a kabarina.”

Baffa, shanun nan biyu su ne duk abin da ya mallaka, da su ake noma abin da gidansa da makarantarsa ke ci. Kuma muryarsa ta karye, ban taɓa ji ba. A lokacin ina ganin kai ka ce in ɓoye, amma na ji ko kai ne sai dai ka yi fushi da ni. Na tashi na buɗe bonet, na sa hannu a aljihu a gaban kowa na mayar da rota. Murzawa ɗaya ta kama.

Ƙaramin dillalin ya fashe da dariya ya ce, “Ɗan Mailafiya, ashe a aljihu kake kiwon ta!” Baffa Modibbo ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Abin nan da ka ciro, me sunansa?” Na ce rota. Ya ce, “Ɗan ƙarami ne.” Na ce ƙarami ne. Ya mayar da tabarau ya ce da dillalai su ci gaba. Har yau bai sake tayar da maganar ba, jiya ma ya aiko mini da fura.

An sayar wa Alhaji Albarka. An cire mini ladan gyara, liman ne ya kawo maganar. Rabona ya faɗa a gefen gona da akwatin sifanun Baba. Ni na tuƙa ta zuwa Ringim, ta Gujungu, ba ta yi zafi ba ko sau ɗaya, giya ta uku ce kawai take so a lallaɓa. Na yi ta yi wa sabon direban bayanin ruwan sama da duba mai kullum safe, yana ta cin rake yana cewa to, to. Da na miƙa makulli sai na zaga bayan wani shago na daɗe.

Ɗanladi ya tafi Ikko bai yi mini sallama ba. Ni ban bi shi ba tukuna. Alhaji Albarka ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga ɗaurin wayoyin, ya nuna mini wasu fijo biyu da suka shekara a kwance a bayan gidansa, ya ce in na tayar da ɗaya za mu yi magana. Bai yi alkawarin komai ba, kuma an ce hannunsa a damƙe yake. Amma Ringim kusa ce, zan iya kwana gida duk Juma'a. Na duba ta farkon: inji yana juyawa, sai dai baƙin manta ya zama fari-fari kamar koko. Daga ina zan fara?

Ɗanka,
Sagiru.

*

Bida,
20 ga Oktoba, 2000.

Ɗana Sagiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gama jarrabawa.

A tsaye na karanta wasiƙarka a tsakiyar ɗakin aiki, ɗalibai suna jira in duba musu, sai da na fita waje na dawo. Tun ranar da na ba direba takardar nan nake roƙon Allah ta isa da wuri. Yanzu ina gode masa da ta makara. Da ta isa, da umarnina ka bi, kuma da ni da kai ba za mu taɓa sanin abin da za ka yi kai kaɗai ba.

Motar zan yi kewarta, ni ma. Ka je ka gaishe mini da Yaya Modibbo, ka ɗauki fartanya ka taya shi cirar gyaɗa kafin ka tafi Ringim.

Man da ya yi fari ruwa ne ya shiga cikinsa, mai yiwuwa gasket ɗin kan inji, mai raba ruwa da mai, ya ƙone. Kada ka tayar da ita a haka. Ka juye mai da ruwa, ka kwance kan injin, ka ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskarsa ka leƙa ko haske yana wucewa ta ƙasa. In ya lanƙwashe sai an kai Kano an goge. Wajen mayarwa kada ka bi notoci a jere, daga tsakiya ake fara ɗaurewa a yi waje, kaɗan-kaɗan. Kuma ku yi magana da Alhaji a gaban shaida kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Hutun Disamba ina nan tafe, in Allah ya yarda. Ka ajiye mini ta biyun, mu buɗe ta tare.

Baffanka,
Abdulrauf.